Sha Biyu da Ashirin da Ɗaya

Litinin, da hantsi

Da sunan Allah. Ni, Mai Girma Shugaban Kwamitin Sake Sunayen Layuka da Lunguna da Duk Abin da Yake da Suna, na buɗe wannan littafi mai baƙin bango da hatimi a goshi, domin 'yan baya su san aikin da na yi wa garin nan. Kada mai karatu ya yi mamakin ganin na fara daga ƙarshen littafi, kuma da ajami. Mu manya abin da muka ga dama muke yi. Kada kuma ya damu da warin sholisho a takardar, sabon turarena ne.

Yau na gama da unguwar nan. Layin Marina na soke shi. Layin Rijiya na soke shi. Lungun Tsohuwa Ta Faɗi ma na soke, don ita tsohuwar ta daɗe da tashi. Tun abin da ya faru a tasha, hukuma ta ga sunaye suna wahalar da baƙi masu neman mutane, sai na ba kowane layi lamba, kowace ƙofa lamba da jan fenti. A mararrabar da Layin Rijiya ya haɗu da Layin Marina na sa an kafa ƙarfe ɗaya da alluna biyu, wannan na nuna nan, wancan na nuna can.

A daidai nan tayata ta yi faci. Wani saurayi mai faci da ke zama gindin ƙarfen, kyakkyawa, mai ladabi, ya gyara mini. Na bar littafina a kujera, gilashi a buɗe. Laifina ne.

Talata, bayan magariba

Yaya ya dawo daga wurin buga takardu, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada kamar kullum. Wato yayan yaron nan mai faci, rahoto aka kawo mini. Ya zaro takardar da aka cusa ta ƙasan ƙofa ya karanta, ya yi tsaki.

"Inna, albishirinki. Daga yau ba 'yar Layin Rijiya ba ce ke. 'Yar ashirin da ɗaya ce, gida na bakwai."

Inna ta ce, "Kai madalla. Ashirin da ɗaya? A gode mini musu, sun mayar da ni yarinya. Sai a fara kawo tayi."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce rijiyar nan kakanmu na cikin waɗanda suka haƙa ta, an cike ta tun ba a haife mu ba, amma sunan ya ƙi cikuwa. Ya ce shi dai ba zai ɗaga kai ya kalli allon nan ba har a cire shi. Inna ta ce ya rage murya, bango siriri ne.

Alhamis, bayan la'asar

Yau na yi aikin da ya kamata a ba ni lambar yabo.

Ruwa ya tsuge, layi ya zama wayam, Mai Shayi ya ruga rumfar Tela ya fake. Na tara tayoyi huɗu na hau, sifana mai lamba goma, noti huɗu, sai ga alluna biyu a hannuna. Na cusa su ƙarƙashin zanen da yake rufe burodi.

Da ruwa ya ɗauke ya dawo, na ce, "Kawu, yanko mini na gindi." Ya ɗaga zane. Wallahi ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba. Wuƙar ta faɗi.

"Kaska! Uwarka ta haifi bala'i! Kayan hukuma a teburina? So kake a tafi da ni?"

"Kawu, faranti ne na kawo maka, ka daina zuba wa mutane a takarda."

"Mayar! Mayar yanzu kafin wani ya ɗago kai!"

Har hawaye na yi don dariya. Yana riƙe mini tayoyin yana rawa, tayoyin na rawa, ni ina rawa. Na duba da kyau, namu ashirin da ɗaya ne: biyu a farko, ɗaya na bin ta. Na ɗaura shi yana kallon layinmu, ɗayan yana kallon Marina, na matse noti. Babu wanda ya gani. Dama wa ke kallon su?

Asabar, da rana

Mai kawo gawayi ya tambayi Layi na Sha Huɗu, mutum biyar suka taru ba wanda ya sani. Da ya ce gidan mai ƙafa ɗaya, yara suka kai shi.

Allon da na sani na itace ne, in ka haddace a wanke a rubuta wani. Wannan na ƙarfe ne. Ruwan shekaranjiya ko gezau.

Litinin, bayan azahar

Farar mota. Babu lamba a gaba, babu a baya. Abin dariya, sun ba kowa lamba su ba su da ita.

Ta tsaya daidai kaina. Na miƙe na ce, "Iska ko faci, ranka ya daɗe?" Na gaban bai kalle ni ba. Ya kalli takardar hannunsa, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya sake kallon takarda, ya nuna wa direba Layin Marina da haɓa.

Ba su daɗe ba. Da suka fito Tela na tsakiya a baya, tef ɗin awo a wuyansa. Ya ganni. Ya ɗaga mini gira kamar yadda yake yi in zai ce wandona ya fi ni kunya. Bakinsa ya motsa, gilashi a rufe.

An bar keken ɗinkinsa da riga a ƙarƙashin allura.

Litinin, da yamma

Ba a yi ciniki ba. Kowa ya rufe da wuri.

Talata, da safe

Tela? Mutumin da in ana gardamar ƙwallo ma tashi yake ya ba da wuri? Kowa tambayar da yake yi ke nan, a hankali, yana kallon bayansa. Mai wanki ya ce wai tuta ya ɗinka. Mai nama ya ce a'a, wai ƙanin matarsa ne. Ba wanda ya san komai, kowa na da labari.

Yaya bai ci abincin safe ba. Ya tsaya yana goge yatsunsa da kananzir har fatar ta yi ja. Inna na kallon sa. Ni ma na ƙi tsokanar sa, abin da ban taɓa ƙi ba.

Alhamis, da la'asar

Matar Tela, Maman 'Yanbiyu, ta dawo daga ofishinsu. Kwana uku tana zuwa tana zama a benci, yau wani ya tausaya ya buɗe fayil. Ta zauna a teburin Mai Shayi, takalmi ɗaya a tsinke, na karɓa ina ɗaure mata da waya.

Ta ce, "Sun ce babu kuskure. Wai an ba su mutumin gida na bakwai, Layi na Ashirin da Ɗaya, kuma can suka same shi. Na ce ku faɗa mini sunan da ke takardar, suka ce takardarsu ba ta aiki da suna."

Mai nama ya ce, "To ku ne ashirin da ɗaya?"

"Ni ina na sani? Ni dai Layin Marina aka kawo ni, can na haihu. Takardar da suka cuso ma yara sun yi jirgi da ita."

Wayar ta shige mini ɗan yatsa. Ban ji ba sai da ta ce, "Kaska, jini."

Mai Shayi yana ta zuba ruwa a kofin da ya riga ya cika.

Juma'a, da hantsi

Na tare ɗaya daga cikin 'yan biyun, macen, za ta makaranta. Na ce, "Zo nan 'yar boko, in gwada ki. Me aka rubuta a wanda ke kallon layinku?"

"Ashirin da ɗaya."

"Kin faɗi. Ga ɗaya nan a farko, biyu na bin ta. Sha biyu."

Ta kwashe da dariya, haƙoranta biyu babu. "Kawu Kaska, ta can kake farawa! Ta nan ake farawa, ta hagu. Kai ba ka je aji ɗaya ba?"

"Wancan fa, mai kallon namu?"

"Sha biyu mana. Kawu, yaushe Babanmu zai dawo? Ya ce zai gyara mini aljihu."

Na ce ta wuce kar ta makara.

Ta dama. Duk abin da na taɓa karantawa a duniya ta dama na fara shi. Malam ya yi shekara tara yana dukan hannuna a kan haka.

Juma'a, bayan an sauko

Babu abin da zan rubuta.

Asabar, da safe

Shugaban Kwamiti yana sanar da jama'a cewa allon hukuma ba ya kuskure. In ma an yi kuskure, wani yaro ne. In ma yaron ne, ba da gangan ba ne. Noti huɗu ne kawai. Shugaban Kwamiti bai yi barci ba.

Gida na bakwai. Na fito na tsaya ina kallon ƙofarmu. Fentin ya zubo daga gindin lambar har ƙasa.

Lahadi, bayan azahar

Na je wajen Mai Shayi ba kowa. Ban buɗe baki ba ya ce, "Ban ga komai ba. Ranar nan ruwa ake yi, ina rumfar Tela."

"Kawu, kai ka riƙe mini..."

"Na riƙe maka me? Kai, ina da 'ya'ya shida." Ya goge tebur, ya sake gogewa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ka mayar da su daidai, ka san ƙofar da za a buga. In ka bar su, ka san wanda ke ciki. Ni ban ce komai ba. Sha shayinka."

Ya huce a gabana.

Litinin, da rana

Motar nan mara lamba ta wuce sau biyu, ba ta tsaya ba. Duk farar mota yanzu ɓuya nake mata. Ta mai burodi ma sai da na shige bayan injin iska.

Sifana mai lamba goma na cire ta daga akwati na sa a aljihu. Na mayar. Na sake ɗaukowa.

Talata, da yamma

Inna ta aike ni da kwano gidan Tela. Na ce ƙafata na ciwo. Ta ce, "Auta, ƙafar da ke tsallake katangar mutane?" Na ɗauka.

An shigo da keken ɗinkin tsakar gida an rufe da zani. Maman 'Yanbiyu ta ce an bar ta ta gan shi ta taga. Ta ce ya rame, ba ya ji sosai da kunne ɗaya. Suna ta tambayar sa ina injin yake, yana ce musu yana gida, mai ƙafa ne, a je a gani. Su kuma sai su ƙara fusata.

"Wane inji suke nufi, Kaska? Mu keken nan kaɗai gare mu."

Na san wane inji, na buga takardu. Na ajiye kwano na ce Inna na jira na. Namijin 'yan biyun ya bi ni har ƙofa yana cewa in yi masa kukan akuya irin na da. Na gwada, bai fito ba.

Laraba

Yaya ya ce, "Kai lafiya? Kwana biyu ba ka sa mini gishiri a shayi ba." Na ce gishiri ya yi tsada. Ya dafa kaina.

Alhamis, da hantsi

Na faɗa wa Maman 'Yanbiyu.

Ban shirya ba. Ta zo in ƙara ɗaure takalmin, zuwa ofis ya sake tsinka shi. Ina durƙushe a gabanta, ƙarfen nan a kanmu, sai kawai na ji bakina yana zuba. Ruwan sama, burodi, dama da hagu, duka. Mai Shayi ne kawai ban saka ba.

Na jira ta yi ihu. Na ma so ta yi. Ta ɗaga kai ta kalli allunan, ta daɗe, ina jin ranar ce ta fara kallon su.

"Wasa kake yi."

"Wallahi Anti, ba wasa..."

"A'a. Na ce ranar, wasa kake yi."

"Eh."

"Ka yi dariya?"

Na ci gaba da murɗa wayar takalmin.

"Gida na bakwai a layinku. Gidan Inna." Ba tambaya ba ce. Ta karɓi takalmin ba a gama ba ta saka. "Ranar da na haifi yaran nan, jini ya ƙi tsayawa, yayanka ne ya goya ni zuwa bakin titi. Ban manta ba. Amma kunnen mijina ɗaya ya rage, Kaska. Ranar Litinin zan koma ofis. Ko ka zo ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa. In ni na faɗa ba za su yarda ba, sai su ce mace ce ke neman mijinta. Kwana huɗu ke nan na ba gidanku. Kar ka gode mini, ba na son jin muryarka."

Ta tafi tana jan ƙafa.

Alhamis, bayan magariba

Na faɗa a gida. Gara dukan Malam sau dubu.

Yaya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce, "Kwana goma mutum na shan wuyar da tawa ce, kai kana nan kana cin abinci?" Bai san kwana shida ne kawai na sani ba. Ban gyara masa ba, shidan ma sun isa. Ya ɗauko rigarsa ya ce gobe da safe zai kai kansa.

Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zauna."

"Inna, mutumin nan ba ruwansa."

"Na ce zauna. Shi ba shi da abin da zai faɗa musu, shi ya sa har yau ba su samu komai ba. Kai in ka shiga, mutum nawa ne a bakinka?"

Yaya ya ajiye rigar.

"To. Ba kai kaɗai za ka kai ba ke nan. Za ka bar garin nan kafin Lahadi, kuma ba roƙon ka nake ba." Sannan ta juyo. Tunda nake ba ta taɓa kallo na haka ba. "Kai kuma, wanda ya kwance shi zai ɗaura."

Shinkafa na zuba ta gefen faifai. Ba wanda ya tsince.

Asabar, da sassafe

Yaya ya tafi. Jaka ɗaya, da hular da ba tasa ba. Zai faɗa mini inda za shi, na toshe kunnuwana da yatsu na ce kar ya soma. Ni na san kaina, tsinke aka nuna mini sai in faɗi har abin da ban sani ba.

A zaure ya ce, "Da ba ka yi shegantakar nan ba, da ni ne a ciki. Ban san ko in mare ka ko in rungume ka ba."

Na ce, "Yi duka biyun, ka fara ta dama."

Ya yi dariyar da ba sauti. Ya yi na biyun kawai.

Lahadi, bayan la'asar

Na tara tayoyi huɗu, rana tsaka, kowa na gani. Ba wanda ya tambaye ni. Mai nama ya shige ciki, mai wanki ya juya baya. Tayoyin suna ta rawa, sai na ji sun tsaya. Na duba ƙasa, Mai Shayi ne, fuskarsa na kallon wani wuri.

"Yi sauri, ɗan banza. Ni iska na zo sha."

'Yar Tela ce ta tsaya daga nesa tana nuna mini wanne ne wanne. Yanzu ashirin da ɗaya na kallon ƙofarmu.

Inna ta share tsakar gida sau uku.

Litinin, da asuba

Tsoro nake ji. Na rubuta don in gani ko zai ragu. Bai ragu ba.

Ban san ko za su sake shi ba. Mai Shayi ya ce irin su ba sa son a ce sun yi kuskure, suna iya riƙe mu duka biyu. Suna iya tambaya ta ina Yaya, in ce ban sani ba, gaskiyar da ba za ta yi mini amfani ba. Na gwada maganar da zan yi sau ashirin a banɗaki, kowane karo sai ta fito kamar ina tsokana. Muryata ce haka. Ban taɓa faɗin abu aka yarda daga farko ba.

Inna ta sa na saka riga biyu, wai can da sanyi. Ta ce in ci abu, na kasa. Littafin nan zan bar mata ta cusa inda take cusa abubuwa, in na dawo in karɓa, in ban dawo ba ta sa a murhu.

Saura abu ɗaya. Duk wanda wannan ya faɗa hannunsa, ya sani babu wani Shugaban Kwamiti a nan. Shi na ainihin bai san an yi ba, littafinsa kawai na sata ta gilashi. Ni ne mai facin mararraba, ɗan autan Inna, wanda unguwa ke kira Kaska. Ni na kwance allunan, ni na ɗaura su a juye, ni kaɗai, ba wanda ya riƙe mini komai. Tela bai san hawa ba bai san sauka ba. Gidansa na Layin Marina, namu na Layin Rijiya, kuma duk garin nan babu yaron da zai rikita su.

Ana buga ƙofa. Bugu uku a hankali, na mace ne. Inna ta ce Maman 'Yanbiyu ce, wai in fito rana na yi.